Kishin ƙasa a majalisa, binciken asali a zaure

Malam Usman:
Assalamu alaikum. Ina neman afuwar dattawan da ke cikinmu, domin zan kawo maganar da aka saba yi ƙasa-ƙasa. Wata uku da suka wuce wani yaro ya fito neman auren ɗiyar yayana. Ya yi karatun harhaɗa magunguna, yana da aikinsa, limamin shiyarsu ya shaide shi da salla da kamun kai, yarinya kuma tana son sa. An kawo kuɗin gaisuwa an karɓa, har an fara maganar sa rana, sannan aka tura mutum biyu bincike kamar yadda aka saba. Sun dawo bayan Isha'i, muna zaune a kan tabarma a zauren babban gida. Ɗayansu ya ce ba su ji wani aibu ga yaro ko ga mahaifinsa ba, sai dai kakansa na wajen uba majemi ne, kuma har yanzu akwai baffanninsa a bakin ramukan jima. Zaure ya yi tsit. Babban baffanmu ya zare tabarau, ya goge shi da bakin riga, sannan ya ce a mayar musu da kayansu cikin mutunci, a gaya musu an riga an yi wa yarinya miji a cikin dangi. Washegari aka mayar da kuɗin, ko sisi bai yi ciwon kai ba.

Abin da ya hana ni sakat shi ne, wannan baffa namu babu wanda ya kai shi zafi a majalisar bayan La'asar idan ana maganar yadda Faransa ta kwashe shekaru tana ɗibar yuraniyom a Nijar, ko yadda Asusun Ba da Lamuni na Duniya yake gindaya wa ƙasashenmu sharuɗɗa, ko yadda Bature yake raina baƙar fata. Kullum maganarsa ita ce mu zama 'yan kishin ƙasa, mu tsaya wa junanmu. Tambayata ga masana da ke nan ita ce: wace ƙasa muke yi wa kishi, idan mutumin da muke haɗa kafaɗa da shi a sahu ɗaya sau biyar a yini bai isa ya zama surukinmu ba saboda sana'ar da kakansa ya ci halal da ita? Kuma shin akwai bambanci tsakanin abin da muka yi a zaurenmu da abin da muke jin ana zargin mutanen Indiya da shi?

Alhaji Garba:
Wa alaikumus salam, Malam Usman. Na tausaya wa yaran nan, amma ina ganin ka yi nisa da ka haɗa mu da Indiya. A can ana maganar mutanen da ba a taɓa su, ba a shan ruwa a rijiya ɗaya da su, ba a barin su shiga wurin bauta. A nan Sakkwato wa ya taɓa hana mahauci ko maƙeri ko wanzami shiga masallacin Shehu ko masallacin Bello? Akushi ɗaya muke ci, maƙabarta ɗaya ake kai mu, kuma Sarkin Fawa da Sarkin Maƙera sarautu ne masu rawani, ba abin ɓoyewa ba. Bincike kafin aure kuwa ba raini ba ne, kiyaye zuri'a ne, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kowane gida yana da irin tarbiyyarsa da irin harshensa, iyaye kuma sun fi kowa sanin inda 'yarsu za ta iya zama. Ni ɗan kasuwa ne, na shekara talatin da biyar ina hulɗa da mahauta da dukawa, a cikinsu akwai waɗanda zan ba amanar miliyoyi ba tare da rubutu ba. Ciniki daban, surukuta daban. Kada mu ɗauko rigar wasu mu ce dole sai ta zauna a jikinmu.

Dakta Hadiza:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Rabin maganarku gaskiya ce, kuma ya kamata a tabbatar da ita kafin a wuce. Tsarin jati na Indiya, wato rarraba mutane rukuni-rukuni bisa asalin haihuwa, yana da abubuwan da babu su a wurinmu. Ambedkar, wanda aka haifa a 1891 cikin al'ummar da yau ake kira Dalit, wato waɗanda ake ƙyamar taɓa su, yana yaro a makaranta a gefe yake zama a kan buhun da ya zo da shi daga gida, idan kuma ya ji ƙishi sai dai ma'aikacin makaranta ya tsiyayo masa ruwa daga sama don kada ya taɓa moɗa. A 1927 sai da ya jagoranci dubban mutane zuwa wani tafki a garin Mahad domin kawai su sha ruwan da dabbobi ma suke sha. Ba mu da wannan, alhamdu lillahi, kuma Musulunci ne ya tsare mu daga gare shi.

To amma shi Ambedkar ɗin, da ya yi nazarin tsarin nasu, bai ce rijiya ce ginshiƙinsa ba. Cewa ya yi abin da yake riƙe da shi shi ne hana auratayya: a rufe ƙofar aure tsakanin rukuni da rukuni, sauran bambance-bambancen za su riƙa haifar da kansu zuriya bayan zuriya. Idan muka auna kanmu da wannan ma'auni, jimlar da kuka rufe da ita, wato ciniki daban surukuta daban, ita ce ainihin abin da ake magana a kai. Mu tambayi kanmu, a cikin tsofaffin shiyoyin garin nan, gida nawa ne na malamai ko na sarauta da ya taɓa ba ɗan mahauta ko ɗan maroƙa 'ya ba tare da an yi tashin hankali ba?

Akwai kuma darasi game da kishin ƙasa. Indiya ta sami 'yancin kai a 1947, tsarin mulkinta ya fara aiki ranar 26 ga Janairun 1950, sashe na 17 ya haramta ƙyamar taɓa wasu mutane, kuma Ambedkar ne shugaban kwamitin da ya rubuta shi. Duk da haka, a jawabinsa na Nuwamban 1949 ya gargaɗi 'yan majalisa cewa suna shirin shiga rayuwa mai karo da juna, daidaito a akwatin zaɓe, rashin daidaito a zamantakewa da tattalin arziki, ya kuma nuna shakkarsa cewa mutanen da suka rabu gida dubbai za su iya kiran kansu al'umma ɗaya. Tafiya ƙasashen waje ma ba ta wanke abin ba, domin ya bi ƙwararrun Indiya har Amurka, inda a Fabrairun 2023 birnin Siyatil ya zama na farko da ya kafa dokar hana irin wannan wariya. Mutum yana iya ƙware a kwamfuta, ya karɓi albashi da dala, amma ya ci gaba da tambayar sunan kakan abokin aikinsa.

Alhaji Garba:
Dakta, na ji. Amma ki gaya mini, a Indiya ɗan baiwa yana zama sarki? A ƙasar Hausa sarakuna nawa ne 'ya'yan sa-ɗaka, suka hau gadon iyayensu babu wanda ya ce uffan? A Kano ma bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sun riƙe ikon da 'ya'yan sarauta da yawa ba su samu ba. Tsarin da yake da irin waɗannan ƙofofi bai kamata a kira shi da sunan nasu ba.

Ustaz Abdulƙadir:
Bismillah. Ba zan shiga gardamar suna ba, domin ko da wane suna aka kira abin, hukuncinsa muke nema. Alhaji ya kira shi kiyaye zuri'a, to a mazhabar Malikiyya da muke bi, cancantar miji ga mata, wato kufu, ana duba ta ne ta fuskar addini da kuɓuta daga aibobin da suke ba mace zaɓin rabuwa, ba ta fuskar dangantaka ko sana'a ba. Wanda ya karanta Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, a zaure ya wuce wannan wuri. Wasu mazhabobin sun sa nasaba da sana'a a cikin lissafi, amma abin mamaki shi ne mu da muke tinƙaho da bin Imamu Malik mu ne muke barin maganarsa a daidai inda ta taɓa girman kanmu.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Aya ta 13 a Suratul Hujurati ta ce an yi mu dangogi da ƙabilu ne domin mu san juna, mafificinmu kuma shi ne mafi tsoron Allah. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aurar da Zainab bint Jahsh, 'yar gwaggonsa, ga Zaidu ɗan Harisa wanda aka 'yanta. Abu Huzaifa ya aurar da 'yar ɗan'uwansa ga Salim, shi ma 'yantacce. Wanda ya fi kusa da maganarmu shi ne Abu Hind, mai yin ƙaho, wato abin da mu za mu kira wanzami: Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi ya umarci Banu Bayada su ba shi aure, su kuma nemi aure a wurinsa. A Sahihu Muslim kuma an lissafa alfahari da asali da sukar nasabar mutane cikin al'amuran jahiliyya da za su wanzu a cikin al'umma.

Malam Usman, akwai abin da ya fi damuna a labarinka. An rufe raini da ƙarya, aka ce an yi wa yarinya miji alhali ba a yi ba. Wanda ya tabbata hujjarsa mai kyau ce ba ya buƙatar ɓoye ta.

Nasiru:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Na daɗe ina karatu ban taɓa sa baki ba, amma yau maganar gidanmu ake yi, domin ni ɗan majema ne, jikan majema. Ina so waɗanda ba su taɓa tsayawa a wurin ba su san abin da ake ƙyama. Mahaifina yakan fita bayan sallar Asuba, ya tsoma fatun awaki a ruwan toka har gashi ya saki, ya shimfiɗa su a kan itace ya kankare, ya wanke, sannan ya jiƙa su a ruwan bagaruwa da aka daka, yana juyawa yana matsewa da hannu har fatar ta jemu. Idan ja ake so a sa karan dafi. Tafin hannunsa ya rine har ya rasu, sabulu bai taɓa fitar da launin ba. Wari kuwa akwai shi, ba zan musa ba. Ina aji uku a firamare wani yaro ya toshe hanci da na zauna kusa da shi, ajin ya fashe da dariya, malamin kuma ya yi murmushi ya ci gaba da rubutu a allo. Da kuɗin wannan warin aka biya mini makaranta har na gama jami'a.

Ga inda maganar ta haɗu da kasuwar duniya. Fatar jar akuyar Sakkwato tana cikin fatun da aka fi daraja a duniya. Tun zamanin ayarin raƙuma ake ƙetare Sahara da ita, ta isa Turai ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka, shi ya sa Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Tun a wancan lokaci ke nan wani yake cin sunan aikinmu. Yau dillalai suna tara ɗanyar fata da gishiri, a loda mota zuwa manyan masana'antun jima na Kano, daga can a fitar da ita zuwa ƙasashe irin su Italiya da Sifen, a ɗinka jaka ko takalmi, a buga sunan wani kamfani, a sayar da kuɗin da majemi ba zai gani ba a shekara. Mu da muke jima ta gargajiya ba za mu iya gasar farashin ɗanyar fata da masu sayen dala ba. Dukawan Madunka da suke ɗinka tumtum da gafaka da kube su ma takalman roba da jakunkunan da ake shigowa da su daga Sin sun cinye musu kasuwa.

Saboda haka wuta biyu muke ciki. A waje ana son fatarmu ba a san sunanmu ba, a gida an san sunanmu ba a son jininmu. Na sha ganin mai kuɗin garin nan ya dawo daga Dubai da takalmi yana nuna wa abokai laushin fatarsa, mai yiwuwa kuma akuyar daga Gwadabawa ko Tangaza ta fito. Baba Alhaji, ku yi haƙuri, kun ce kuna iya ba mutanenmu amanar miliyoyi. Wanda ya riƙe amanar dukiya shekara talatin, me ya sa ake tsoron ba zai riƙe amanar 'ya ba?

Kwamared Shehu:
Nasiru ya yi magana mai taɓa zuciya, amma ina tsoron kada mu shagala da maganar aure mu manta da giwar da ke tsakar gida. Rabon da ya fi kowane rabo a ƙasar nan shi ne tsakanin mai shi da marar shi. Ku kawo mini jikan mahauci da ya mallaki gidajen mai goma da kujera a majalisar tarayya, ku gani ko za a tura masu bincike, ko kuwa za a nemo masa wani kaka malami daga Degel. Kuɗi yana wanke asali cikin ƙarni ɗaya. Talaka kuwa ko jikan wane ne, talaka ne. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 133 suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, jiharmu kuma ita ce kan gaba da kusan kashi 90 cikin 100. Waɗannan ba duka majema ba ne.

Wannan shi ne abin da NEPU ta gane tun da aka kafa ta a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ta fito ƙarara ta ce akwai gwagwarmaya tsakanin masu riƙe da mulkin En'e da talakawa. Malam Aminu Kano ɗan gidan malamai ne, amma teloli da 'yan koli da mahauta da 'yan tireda su ne suka cika jam'iyyarsa, su ne kuma suka sha ɗauri da bulala. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, abin da ta fara yi shi ne soke haraji da jangali. Ku tuna kuma da Bakolori. An gina madatsar ruwa a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara da hannun kamfanin Italiya, aka raba manoma da gonakinsu, suka yi ta kukan diyya, a Afrilun 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Babu wanda ya tambayi asalin manoman nan kafin harsashi ya same su.

Bayan haka shirin sauya fasalin tattalin arziki na SAP ya zo a 1986 aka karya darajar naira, aka buɗe ƙofofi, masaƙun Kaduna da Kano suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, manomin auduga na Gusau da Funtuwa ya rasa mai saye, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. A 2010 farashin zinari yana tashi a kasuwar duniya, yara ɗaruruwa suna mutuwa da gubar dalma ta aikin haƙar zinari a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya ji a jikinsa. A gyara rabon arziki, maganar asali za ta mutu da kanta.

Dakta Hadiza:
Kwamared, ba za ta mutu da kanta ba, kuma yaron da Malam Usman ya ba da labarinsa shi ne shaida: ya fita daga talauci, bai fita daga bincike ba. Gaskiya ne dukiya mai yawan gaske tana rufe baki, amma mutum nawa ne za su mallaki gidajen mai goma? Sannan talauci da asali ba hanyoyi biyu ne da ba sa haɗuwa ba. A al'ummarmu aure hanyar jari ce, hanyar gado ce, hanyar samun wanda zai yi maka magana a ofis ce. Wanda aka rufe wa ƙofar surukuta an rufe masa waɗannan duka.

Akwai kuma abin da muka fi jin nauyin faɗa fiye da sana'a, wato bauta. Daular Usmaniyya ta tsayu a kan ilimi da kiran adalci, Shehu ya soki haraji na zalunci da karɓar gaisuwa a hannun masu mulki, ƙanensa Abdullahi kuma tun jihadi bai ƙare ba ya koka da yadda son duniya ya shiga zukatan wasu. Amma tattalin arzikinta ya dogara ƙwarai da aikin bayi a rumada. Dokar Lugga ta 1901 cewa ta yi yaran da aka haifa bayan watan Maris na shekarar 'ya'ya ne, ba ta 'yanta iyayensu ba, kuma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Wannan zamanin kakanninmu ne. Satiru, nan kusa da mu, ta tara talakawa da bayin da suka gudu, suka yi tawaye, a Maris na 1906 sojojin Turawa tare da mahayan sarakuna suka shafe garin, aka kashe kimanin mutum 2,000. Jam'iyyar NPC ta Sardauna ta yi taken Arewa ɗaya, al'umma ɗaya, ba tare da duba addini ko matsayi ko ƙabila ba. Muna yawan tuna addini da ƙabila a taken nan, muna tsallake kalmar tsakiya.

Baba Alhaji, game da 'ya'yan sa-ɗaka, ƙofar tana buɗewa ne ta fuska ɗaya: babba ya ɗauki 'yar ƙarami, ɗa ya bi uba. Juya lamarin, ƙarami ya nemi 'yar babba, a nan ake gane ko ƙofa ce ko taga.

Barista Kabiru:
Ta fuskar doka, sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa kawai, sashe na 34 kuma ya haramta bauta. Amma babu kotun da za ta tilasta wa uba ya ba da 'yarsa, kuma takarda ita kaɗai ba ta sauya zuciya. Gwamnatin Jihar Gabas ta soke tsarin Osu na ƙasar Ibo, wanda yake ware wasu mutane saboda asalinsu, tun 1956, har yau ana fasa aure a kansa.

Duk da haka kada mu raina doka. A maƙwabtanmu Nijar an mayar da bauta laifi a 2003. Hadijatou Mani an sayar da ita tana da shekara 12, ta zama abin da ake kira wahaya, wato mace ta biyar da ba ta da sadaki ba ta da haƙƙin matar aure. Shari'arta ta faro ne daga Birnin Ƙonni, tafiyar da ba ta kai awa biyu daga nan ba, ta ƙare a kotun ECOWAS, wadda a Oktoban 2008 ta sami gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta, ta kuma umarci a biya ta sefa miliyan 10. Ƙungiyar Timidria ta 'yan ƙasar ce ta tsaya mata, tare da lauyoyi da ƙungiyoyi na waje. Na kawo wannan ne domin Kwamared ya ga cewa dunƙulewar duniya ba fuska ɗaya gare ta ba. Hanyar da ta kawo atamfar da ta kashe masaƙa, ita ce ta kawo kotun da ta saurari baiwa a lokacin da na gida suka yi ta jan ƙafa. Idan da an bi masu cewa kada bare ya sa mana baki a al'adarmu, da matar nan ba ta sami hukunci ba.

Murtala:
Ni ɗan Illela ne, albasa nake saye ina kaiwa. Maganar kishin ƙasa a wurinmu ba a littafi take ba. Mahaifiyata 'yar Ƙonni ce, kawunnaina suna can, iyakar da Ingila da Faransa suka ja ta ratsa ta tsakiyar danginmu. A Agustan 2019 aka rufe iyaka da sunan kishin shinkafar gida, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har watanni, aka yanke musu wutar lantarki. Na ga motocin albasa sun tsaya har ruwa yana ɗiga daga buhuna, masu dako da 'yan kabu-kabu suka zauna babu na cefane, manyan da suke da hanya kuwa kayansu ba su fasa wucewa da dare ba. A can ana kiran kishin ƙasa ana korar sojan Faransa, a nan ana kiran kishin ƙasa ana rufe ƙofa, mai ɗaukar buhu a ka shi ne ya biya kuɗin duka biyun.

Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu shi ne sabon kishin da nake gani a wayoyin matasa, na Hausa zalla da Fulani zalla, wanda rikicin 'yan bindiga a Sabon Birni da Isa da Goronyo yake ƙara wa wuta. Wannan ma binciken asali ne, sai dai shi ba a zaure yake ƙarewa ba. Mutanen da suka saba auna jinin surukai ba za su sha wahalar auna jinin maƙwabta ba.

Hajiya Luba:
Ku maza kuna ta kawo shekaru da sassan doka, ku bar ni in faɗi abin da ke faruwa a cikin gida, domin mu mata muke riƙe da wannan littafi. Mu ne muka san wace ce kakarta aka sayo, wane ne kakansa yake roƙo, mu ne kuma muke ajiye maganar sai ranar faɗa da kishiya ko ranar rabon kayan suna mu fito da ita. Usman ƙanena, baffanku da ya ce a mayar da kaya, ka bincika da kyau, ba mamaki gorin da za a yi wa matan gidan a wurin biki yake gudu, ba warin jima ba. Ina da ƙawa da ta auri ɗan wanzamai shekara ashirin da shida da suka wuce, mijin bai taɓa ɗaga mata murya ba, 'ya'yanta biyu likitoci ne, amma har yau idan za a yi kaciya a dangi sai wata ta ce a kira surukinmu, a yi dariya. Ustaz, wa'azinku a masallaci yake tsayawa. Nana Asma'u jajis, wato malamai mata, take turawa har cikin gidaje su karantar da mata. Idan malaman Islamiyyar matan aure ba su ɗauki maganar nan ba, ba za ta motsa ba.

Alhaji Garba:
Nasiru, ɗana, tambayarka ta tsaya mini a rai tun jiya, kuma ba ni da amsar da zan iya faɗa a gaban Ustaz. Na yarda hujjar addini ba ta tare da mu a nan. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ina da 'ya'ya mata huɗu da ba su yi aure ba, idan na ba da ta farko inda dangi ba sa so, sauran ukun ne za su biya, domin masu bincike gidana za su zo gobe. Hajiya ta faɗi gaskiyar abin da muke tsoro. Ba ina kare al'adar ba ne yanzu, ina gaya muku nauyinta ne a kan wanda zai fara sauke ta. Da manyan gidajen garin nan, na sarauta da na malanta, za su fara, mu 'yan kasuwa ba za mu ji kunyar bi ba.

Kwamared Shehu:
Alhaji, haka aka gaya wa 'yan NEPU, su jira manya su fara. Amma na karɓi gyaran Dakta da na Barista a wuri ɗaya: ba zan ƙara cewa abin zai mutu da kansa ba.

Malam Usman:
Na gode wa kowa. Ga halin da ake ciki. Yarinya ta ƙi cin abinci sosai, ta kuma gaya wa mahaifiyarta cewa ba za ta saurari ɗan'uwan da ake shirin kawo mata ba. Yayana, wanda shi ne waliyyi a shari'a ba baffanmu ba, ya amince a sake zama ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da sharaɗin kada a ɗaga wa tsoho murya. Ustaz, Allah ya gafarta Malam, ina roƙon ku turo mini wurin da maganar kufu take a Mukhtasar da lambar hadisin Abu Hind, domin baffa ba ya karɓar magana sai ya ga littafi a buɗe. Hajiya, zan kira ki a waya, ina so ki yi magana da gwaggonninmu biyu kafin ranar. Nasiru, idan ba za ka damu ba, ina so in zo in ga wurin aikin baffanninka ranar Laraba da safe, domin na shekara arba'in da bakwai a garin nan ina wucewa ta bakin hanyar, ban taɓa shiga ba.